Inda Ya Dace a Ajiye Rak ɗin Sabar a Cikin Gida

'Yan'uwa, duk wanda ke shirin kafa rak ɗin sabar a gidansa, wato kantar ƙarfe da ake jera sabar (kwamfutocin da ke yi wa sauran na'urori hidima) a cikinta, ya fara da tunanin inda zafi zai fita kafin ya zaɓi wurin da zai ɓoye ta. Kusan duk wutar da na'urorin ke sha tana komawa zafi ne, don haka rak mai cin wat 500 a cikin ƙaramin sito da aka rufe, daidai take da hita da aka bari a kunne dare da rana.

Yawancin sabar suna jan iska ta gaba su fitar da ita ta baya, saboda haka kada a manna bayan rak da bango. A bar sarari yadda mutum zai iya shiga ya duba wayoyi. A toshe guraben da babu na'ura da faranti, domin kada iskar zafi ta zagayo gaba. Ma'aunin da ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta ASHRAE ta ba da shawara shi ne iskar da ke shiga ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Celsius, abin da ba ya samuwa a bazararmu sai da na'urar sanyaya ɗaki; in babu ita, aƙalla a rage zafin da fanka mai zuƙe iska a saman bango da ƙofa mai huji daga ƙasa.

Ƙurar hunturu ita ce ta fi damuna, domin tana toshe fankoki a hankali har sai an ji ƙararsu ta ƙaru. A sa matatar ƙura a gaban rak, a riƙa wanke ta. UPS (na'urar da ke ci gaba da ba da wuta idan an ɗauke ta) da batura kuwa a ɗora su a can ƙasa saboda nauyinsu, kuma a nisanta rak daga taga, bututun ruwa da ɗakin kwana.