Kurakuran da sababbin ma'aikata ke yi da makin masu rauni

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk ɗaliban da ake turo mana ɗakin gaggawa a nan Kumasi, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Kuskure na farko shi ne wanda har yau yake hana ni barci. Makin RTS, wanda ake auna tsananin halin mai rauni da shi, abu uku kawai yake dubawa: makin Gilasgo (na auna yadda mutum yake cikin hayyacinsa), lambar sama ta awon jini, da yawan numfashi a minti. Cikakkensa 12 ne wajen tantance wanda za a fara gani. Ina sabuwar nas aka kawo wani matashi mai tuƙa pragya (keke mai ƙafa uku) daga Aboabo, mota ta buge shi. Yana magana sarai, awon jininsa 110. Numfashi kuwa ban ƙirga ba, na rubuta 20 kamar yadda na ga manya suna yi. Maki ya ba ni 12, na ce ya jira a benci. Bugun zuciyarsa 128 ne, na gani da idona, amma tunda RTS bai tambaya ba, na wuce. Ashe saifarsa ta fashe, jini yana zuba a ciki. Kafin a shiga da shi tiyata, rai ya yi halinsa.

Jikin matashi yana iya riƙe awon jini daidai har sai ya yi asarar kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa. Tun daga ranar nake raba bugun zuciya da awon jini na sama. In amsar ta kai 1, ba ruwana da 12, likita nake kira. Ku kuma, don Allah, ƙirga numfashin nan minti guda cur. Wa ya ce muku duk mutanen Kumasi 20 suke numfashi? Wanda ya haura 29 makinsa sauka yake yi, ƙaryarku ce ke ɓoye shi.

Sai Gilasgo, wanda Teasdale da Jennett suka fitar a 1974. Daga 3 yake farawa zuwa 15, babu sifili, ko gawa 3 take samu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne sashen magana. An kawo 'yar kayayo, wato 'yar dako, daga arewa, ba ta jin Twi, ba ta jin Turanci, sai ka rubuta wai ta rikice! Ƙanena, kai ne ka rikice. Nemo mai jin yarenta tukuna. Haka wanda aka sa wa bututun numfashi ko idonsa ya kumbura: rubuta cewa ba a iya gwadawa ba. Kuma warin giya ko labarin tiramadol ba hujja ba ce ta cewa maye ne ya sauke makin. Ka ɗauka rauni ya ji a kansa sai hoton asibiti ya ƙaryata ka.

Awo ɗaya a bakin ƙofa bai isa ba, ni duk minti 15 nake sakewa.

ISS, makin da ke haɗa tsananin raunukan sassan jiki, sai an san duk raunukan, ba na minti biyar na farko ba ne. In babu hoto, makin Kampala da aka tsara a Yuganda ya fi dacewa da mu.

TRISS kuwa, mai ƙiyasta yiwuwar mai rauni ya rayu, da bayanan asibitocin Amurka aka gina shi, don bitar aiki. Kada in sake jin wani ya tsaya a baranda yana karanta wa mahaifiya kason mutuwar ɗanta.