Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora Windows bayan an ƙara wa laftof RAM

Galibin matsalolin da ake cin karo da su wajen ɗora babbar manhaja a laftof ɗin da aka ƙara wa RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, daga gaggawa suke tasowa: an sa sabon RAM, an rufe murfi, nan take an soka filashin da ke ɗauke da Windows, alhali ba a tabbatar kwamfutar ta karɓi abin da aka sa mata ba. Kafin komai, a shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, a duba adadin RAM da ta nuna. Idan gigabait 16 aka sa amma 8 ke fitowa, sau da yawa ɗaya daga cikin RAM biyun ne bai zauna daidai ba, don haka a kashe ta, a cire caja da batir, a zare shi, a sake cusa shi a karkace, sannan a danna shi ƙasa har ƙarafunan gefe biyu su yi ƙas su kama shi.

Ganin cikakken adadi ma bai isa shaida ba, kuma a ganina nan ne aka fi yin asarar lokaci. RAM mai lahani yakan bar kwamfuta ta tashi lafiya lau, sai an fara kwafe fayilolin Windows aikin ya tsaya a tsakiya, wani lokaci da lambar kuskure 0x8007025D, mutum ya ɗora laifin a kan filashi, ya sake shirya ta, ya sake gwadawa, matsalar na nan daram. Abin da ya fi muni shi ne ɗorawar ta kammala da gurɓatattun fayiloli, daga baya shuɗin allon kuskure na Windows ya riƙa fitowa babu dalili. Maganin shi ne a gwada RAM ɗin da manhajar gwajin RAM mai suna MemTest86+ tun kafin a fara, a bar shi ya kammala zagaye aƙalla ɗaya, idan kuma ya nuna kuskure ko guda ne, a gwada kowane RAM shi kaɗai har a gano mai laifin.

Akwai masu ɗora Windows mai bit 32 saboda ita ke hannunsu, alhali ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4, abin da ya ƙaru kuwa ya tafi a banza. Mai bit 64 ake bukata. Windows 11 ma mai bit 64 kaɗai take da, sai dai tana neman TPM 2.0, wato sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, da UEFI, wato sabon salon BIOS, abubuwan da ƙarin RAM ba ya samarwa. Saboda haka a zaɓi GPT, wato tsarin raba ma'ajiya da ke tafiya da UEFI, idan da manhajar Rufus ake shirya filashin.

A tsofaffin laftof a lura da bambancin nau'o'in RAM biyu, DDR3 mai volt 1.5 da DDR3L mai 1.35, domin raminsu ɗaya ne, amma kwamfutar da aka ƙera don DDR3L tana iya ƙin tashi da DDR3 mai volt 1.5. Kuma kada a goge hard disk, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfutar, kafin a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri, a kuma adana makullin BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanai, idan an kunna shi.