Yadda Ake Adana AC ɗin Rufin Motar Tafi-da-gidanka da Hunturu: A Rufe Shi Ko A Bar Shi?

A Amurka da Kanada, da watan Oktoba ya kama masu motocin tafi-da-gidanka, wato motocin da ke da ɗakin kwana a ciki waɗanda ake kira RV, sukan fara shirin ajiye su sai wajen Afrilu. A tsiyaye ruwan da ke cikin bututu don kada ya daskare ya fasa su, a cire batir, a kwashe abinci. Duk wannan babu gardama a kai. Inda ake rabuwa gida biyu shi ne batun na'urar sanyaya ɗaki da ke zaune bisa rufi. Wasu su ce dole a sa wa AC ɗin riga, wasu su ce rigar ce ma ke kashe shi.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne sanyi ba ya yi wa AC ɗin nan komai. Gas ɗin da ke cikinsa a rufe yake ruf, kuma babu wani ruwa a ciki da za ka tsiyaye. Kamfanoni irin su Dometic da Coleman-Mach sun ƙera shi ne don ya zauna a waje, ruwan sama ya dake shi, iskar babbar hanya ta buge shi. Don haka duk wanda ya sayi riga da niyyar ɗumama na'urar, kuɗinsa kawai ya kashe. Abin da ke lalata AC a lokacin ajiya daban ne: ganye da ƙananan rassa da ke shiga ta ramukan murfi su toshe mafitar ruwa, dusar ƙanƙara da ke narkewa da rana ta sake daskarewa da dare, hasken rana da ke busar da robar murfi har ta fara tsagewa, sai kuma ɓeraye da kurege da tsuntsaye masu neman mafaka. Riga tana maganin wasu daga ciki, tana kuma ƙara tsananta wasu.

Mataki na farko: dubi inda motar za ta kwana

Nan ne amsar take, ba a kanti ba. In motar a cikin gareji ko ƙarƙashin rumfa za ta yi hunturu, bar AC ɗin haka nan. In ka lulluɓe motar gaba ɗaya da rigarta mai shan iska, ba ka bukatar ta biyu a ciki. In kuwa a fili take ƙarƙashin bishiyoyi, ko kana wurin da dusar ƙanƙara ke jibgewa bisa rufi wata da watanni, kamar jihohin Minesota da Mishigan a Amurka da lardin Ontariyo a Kanada, to rigar tana da amfani ƙwarai. Ruwa in ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma idan ya taru tsakanin siraran faifan alminiyam na na'urar yana daskarewa yana narkewa, sannu a hankali yakan lanƙwasa su. A Arizona da kudancin Teksas matsalar rana ce, kuma nan ma riga fara tana ƙara wa murfin roba shekaru. Wurin da na fi shakkar riga shi ne inda hunturu ke zuwa da yayyafi da danshi ba ƙaƙƙautawa, irin gaɓar jihohin Washinton da Oregon. A can rigar da ba ta shan iska tana tara laima a ciki, ta jawo tsatsa da fumfuna.

Akwai kuma wanda bai kamata ya rufe ba sam: mai kwana a motarsa da sanyi, musamman in AC ɗinsa irin mai ɗumama ɗaki ne. Na'urar da za a kunna ba a rufe ta.

Mataki na biyu: kashe wuta, sannan ka hau

Cire wayar da ke haɗa motar da lantarki, kashe janareta, ka sauke makashin wutar AC a akwatin wuta. Zaɓi ranar da gari ya bushe, kada ka hau da sassafe. Rufin yawancin motocin nan shimfiɗar roba ce, in raɓa ta sauka ko ta daskare a kai santsinsa ba a magana. A samu wanda zai riƙe maka tsani. In rufin motarka ba irin wanda ake takawa ba ne, shimfiɗa falankin katako ka durƙusa a kai domin nauyinka ya bazu.

Mataki na uku: buɗe murfi ka share

Wannan ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, alhali ya fi sayen rigar muhimmanci. Kwance sukurorin da ke riƙe da murfin roba, yawanci huɗu ne, ka zuba su a aljihu don kada su gangara ƙasa. Ɗaga murfin a hankali, tsohon murfi yakan karye a hannu. Abin da za ka tarar a ciki zai iya ba ka mamaki: busasshen ganye, yanar gizo-gizo, wani lokaci sheƙar tsuntsu, da gidan zanzaro manne a jikin fanka. Gidan zanzaro ƙarami ne amma lakarsa tana da nauyi, kuma in ta manne a fiffiken fanka ɗaya sai na'urar ta riƙa karkarwa idan an kunna ta. Kankare shi.

Kwashe dattin da hannu ko da buroshi mai laushi. Siraran faifan alminiyam ba sa son ƙarfi, kada ka fesa musu ruwa da injin wankin mota. In wasu sun lanƙwashe, akwai ɗan matajin da ake sayarwa don miƙar da su. Duba ramukan da ruwa ke fita a ƙasan na'urar, ka zure su da tsinke. Kada ka taɓa akwatin wayoyi, domin kafasitocin da ke ciki suna riƙe wuta ko bayan an cire lantarki, kuma suna iya girgiza mutum sosai. Wannan ɓangaren na mai gyara ne.

Duba murfin kansa kafin ka mayar. Ƙaramar tsaga yau, bayan dusar ƙanƙara ta danne ta wata uku, za ta zama rami. In ya riga ya rube, sabon murfi ya fi riga amfani.

Mataki na huɗu: sauko ka duba daga ciki

AC ɗin yana zaune ne kan rami mai faɗin inci 14 kowane gefe da aka yanka a rufi, kuma abin da ke hana ruwa shiga ɗakinka gaskit ne na soso da ke tsakanin na'urar da rufin. Dogayen ƙusoshi masu noti ne ke matse shi daga ciki. Girgizar hanya takan sassauta su, soson kuma yakan lotse da tsufa. Yawancin yoyon da ake ɗora wa rashin riga daga nan yake fitowa. Cire farantin da ke jikin silin, ka gwada ƙusoshin da sufana. In sun saki, ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi har su yi daidai da juna, amma kada ka matse har soson ya mutu, domin a nan ma ruwa zai samu hanya. Ka duba ko akwai tabon ruwa a katakon da ke kewaye da ramin. Sai ka zare filta ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ka shanya ta bushe ƙarau kafin ka mayar.

Mataki na biyar: sa rigar, in ka ga ya dace

Auna tsawo da faɗi da tsayin murfin kafin ka saya. Ƙarfin na'urar, ko BTU (ma'aunin ƙarfin sanyayawa) 13,500 ne ko 15,000, ba shi ke nuna girman riga ba, siffar murfin ce ke nunawa. Dometic Penguin gajere ne shimfiɗaɗɗe, Brisk kuma ya fi shi tudu, rigar ɗaya ba za ta zauna wa ɗayan ba. Camco da ADCO suna yin riguna masu igiyar zuge a ƙasa, kuma ba su da tsada. Rigar da ta yi yawa iska ce za ta riƙa kaɗa ta tana gogar murfi da rufi, ko ta yi awon gaba da ita.

Tamfol da leda kuwa, a guje su. Ba sa shan iska ko kaɗan, suna tara raɓa, kuma igiyoyin da za ka ɗaure su da su suna cin shimfiɗar rufi. Ko rigar kirki ma, kada ka sa ta sai na'urar ta bushe sarai. Ka zuge igiyar ta kama, amma ba sai ka toshe ƙasan da salatif ba, ɗan wurin da iska ke wucewa shi ke fitar da laima. Ka kuma sani riga ba ta hana ɓera. In ma wani abu ne, ta samar masa ɗaki mai duhu da ɗumi, shi ya sa tarko a cikin motar da toshe ramukan ƙasanta suka fi komai.

Mataki na shida: hana kanka mantuwa

Manna takarda a kan maɓallin kunna AC, wata kuma a sitiyari ko a wurin da ake jona tirela, ka rubuta cewa akwai riga a sama. AC da aka kunna a rufe ba ya samun iskar da zai fitar da zafi, kwamfiresa, wato injin da ke tura gas a cikinsa, ta yi zafi har ta iya ƙonewa, kuma a irin waɗannan na'urori in kwamfiresa ta mutu galibi sabon AC ake saye. Rigar kuma ba ta tafiya ba ce, a kan babbar hanya za ta tuɓe ta faɗa wa motar da ke bayanka. Bar makashin wutar a sauke har ranar da ka cire ta.

Sau ɗaya a wata ka je ka leƙa. In dusar ƙanƙara ta taru, share ta da tsintsiya mai laushi kana tsaye kan tsani, kada ka sa shebur ɗin ƙarfe, kada kuma ka sassari ƙanƙarar da ta manne. In an samu ranar da rana ta fito gari ya bushe, ɗage rigar na 'yan sa'o'i na'urar ta sha iska. Idan sanyi ya wuce, cire rigar da wuri kafin tsuntsaye su fara sheƙa, sake buɗe murfin ka duba, sannan ka kunna fanka kaɗai na 'yan mintoci kana saurare kafin ka juya zuwa sanyi.