Yadda ake haɗa katalis mai tace iskar NOx daga hayaƙi

Iskar NOx, wato NO da NO2, haɗin naitirojin da iskar oksijin, da ke fita daga injinan dizal da tashoshin wutar lantarki tana cutar da huhu, tana kuma haddasa ruwan sama mai asid. Hanyar da aka fi dogaro da ita wajen kawar da ita ita ce a fesa amoniya ko ruwan yuriya cikin hayaƙin, sannan a bi da shi ta kan katalis, wato sinadarin da ke hanzarta aikin ba tare da ya ƙare ba, har gubar ta koma naitirojin da ruwa.

Da farko a samo garin titaniyam oksaid nau'in anatas, wato ɗaya daga cikin siffofin da ƙwayoyinsa ke jeruwa, shi ne gindin da za a ɗora ƙarafan banadiyam da tungstin a kai. A narkar da gishirin banadiyam cikin ruwan asid na oksalik, a haɗa da gishirin tungstin, a jiƙa garin, a busar a wajen digiri 110 na ma'aunin Selshiyas, sannan a gasa a tanderu a wajen digiri 500 na 'yan sa'o'i. Banadiyam kada ya wuce kusan kashi 1 cikin ɗari, domin idan ya yi yawa yakan mayar da SO2, wato iskar farar wuta da ke cikin hayaƙi, zuwa SO3, wanda ke cin bututu. Tungstin kuwa ana sa kusan kashi 10, don ya taimaka wajen hana anatas rikiɗewa zuwa rutayil, wata siffar titaniyam oksaid, idan zafi ya tsananta, abin da ke rage faɗin fuskar da aikin ke gudana a kai. Irin wannan haɗin yana aiki sosai tsakanin digiri 300 zuwa 400.

Idan hayaƙin bai kai wannan zafin ba, ana komawa ga ƙarafan manganis da siriyam, waɗanda ke aiki ƙasa da digiri 200.

A nan ne ya kamata a yi hattara. Sakamakon da aka samu da busasshiyar iska mai tsabta yakan yi kyau, amma hayaƙin gaske yana ɗauke da tururi da iskar farar wuta, kuma su ne ke haɗuwa da amoniya su toshe ƙananan ƙofofin katalis da gishirin amoniyam baisalfet, su kuma kashe manganis ɗin. Saboda haka a ganina gwaji bai cika ba sai an saka tururi da SO2 an bar shi ya daɗe yana aiki. A kuma auna N2O, wata iskar ta daban mai naitirojin da oksijin, da ke fitowa, domin manganis yakan samar da ita, ga ta kuwa da ƙarfi wajen ɗumama duniya, sannan a duba amoniyar da ta kuɓuce ba ta yi aiki ba.