Fita aiki ƙasar waje da sana'arka: abin da ake fara shiryawa kafin neman biza

Ƙasashen da ke ɗaukar ƙwararrun ma'aikata hanya biyu suke bi. Wasu da maki suke auna mutum, su duba shekarunsa, karatunsa, harshen da ya iya da tsawon lokacin da ya yi yana aiki. Haka Kanada da Ostireliya ke yi. Wasu kuma sai wani kamfani ya ɗauke ka tukuna, kamar Birtaniya. Jamus ta buɗe ƙofofin duka biyu. Ka san wadda ta dace da takardunka kafin ka kashe kuɗi, domin ko jarabawar Ingilishi ba iri ɗaya suke karɓa ba. Kanada ba ta karɓar jarabawar Ingilishi ta IELTS irin ta 'yan jami'a a tsarin zama na dindindin, sai wanda ake kira General Training. Mutane da dama sun zauna wancan, suka ci, suka dawo suka sake biya.

Tsarin Kanada, Express Entry, ya fara aiki a 2015. Wanda ke nema daga waje yawanci ta shirin Federal Skilled Worker yake shiga, kuma sharuɗɗansa a fili suke: maki 67 cikin 100 a tantancewar farko, aikin shekara ɗaya a jere cikin shekaru goman da suka wuce, da mataki na 7 a ma'aunin harshe na ƙasar, wato 6.0 a kowane sashe na IELTS. Amma wannan shiga layi ne kawai. A cikin layin ana jera mutane da wani ma'aunin mai maki 1,200, ana kiran na sama. A nan harshe ke raba gardama. Wanda ya kai mataki na 9, wato 8.0 a sauraro da 7.0 a sauran ukun, makinsa kan yi tsalle, saboda ana haɗa harshen da karatu da gogewar aiki a ƙara masa wani kaso. Shekaru kuwa ba sa jira: cikakken maki na masu 20 zuwa 29 ne, daga 30 ya fara zaizayewa, a 45 babu ko ɗaya. Idan wani lardi ya zaɓe ka, maki 600 ne. Faransanci mai kyau na iya kawo ƙarin 50, kuma tun 2023 ana yin kira na musamman ga masu jin sa. Tun Maris 2025 an daina ba da maki a wannan ma'aunin na 1,200 don takardar ɗaukar aiki, don haka mai sayar maka da ita "don ta ɗaga maki" damfara ce.

Jerin shiri yana da muhimmanci, domin kowace takarda da wa'adinta. Fara da tantance shaidar karatu a hukuma irin WES, wadda ke aiki shekara biyar. Ita ce mai cin lokaci, tunda jami'arka ce za ta aika sakamakonka kai tsaye, kuma ba kowace ce ke hanzari ba. Sai jarabawar harshe, wadda ke mutuwa bayan shekara biyu. Bayanan da ka shigar a layin suna zama wata 12. Idan aka kira ka, kwana 60 kacal kake da su ka miƙa komai, har da takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da ka zauna wata shida a jere.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wasiƙar wurin aiki. Wasiƙar da ta ce "ma'aikacinmu ne mai ƙwazo" ba ta da amfani. Dole ta fito a takardar kamfani, ta faɗi ranar farawa da ta bari, sa'o'in aiki a mako, albashi, da ayyukan da kake yi a kullum, waɗanda jami'i zai gwada da jerin sana'o'in ƙasar. Kada a kwafe bayanin jerin kalma da kalma, ana ganewa. Kuɗin da za ka nuna ma ba a son na aro. Ana duba motsin asusu na wata shida, kuma kuɗin da ya faɗo dare ɗaya sai ka yi bayaninsa. Ƙarya a takarda, ko da dillali ne ya rubuta ba kai ba, hukuncinta haramcin shekara biyar ne.

Ostireliya ta yi kama da wannan: maki 65 a ƙalla, shekaru ƙasa da 45, da tantancewar hukumar sana'arka kafin komai. Sai dai 65 ɗin ba kasafai yake isa ba a sana'o'in da ake rububi.

Jamus ta fito da katin neman aiki, Chancenkarte, a Yunin 2024. Yana ba ka shekara ɗaya a ƙasar kana neman aiki, da izinin yin sa'o'i 20 a mako. Ana buƙatar digiri ko koyon sana'a na shekara biyu wanda ƙasar da ka yi shi ta amince da shi, Jamusanci matakin A1 (na ɗan koyo) ko Ingilishi B2 (na wanda ya iya sosai), maki 6, da shaidar kuɗin ciyar da kai, galibi a rufaffen asusu, wanda ake cire kuɗinsa kaɗan-kaɗan duk wata. Wanda Jamus ta amince da takardarsa gaba ɗaya ba ya buƙatar maki. Duba jami'arka a anabin, rumbun bayanan Jamus na tantance makarantun waje, tun farko. Kuma kada A1 ya ruɗe ka: ya isa biza, bai isa hira da mai gidan haya ba, balle aikin jinya da yawanci ke neman B2.

A Birtaniya komai ya rataya ne a kan kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi, kuma gwamnati na wallafa sunayensu a shafinta. Kamfanin ne zai ba ka lambar shaidar ɗaukar nauyi, wadda za ka yi amfani da ita cikin wata uku. Tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashi a yawancin ayyuka fam 41,700 ne a shekara, kuma an rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Ba a sayar da wannan lamba. Wanda ya saya, ya isa ya tarar babu aiki, bizarsa na kan siraɗi.

Biza daban, lasisin aiki daban. Likita, ma'aikaciyar jinya, mai haɗa magunguna, har mai aikin lantarki, duk sai hukumar sana'arsu ta can ta ba su izini, kuma a Kanada kowane lardi da tasa. Nemi sharuɗɗanta tun kana gida.

Zaurukan WhatsApp da Telegram na masu shirin tafiya suna da rana, in aka san abin da za a ɗauka a cikinsu. Doka ba a ɗaukarta a can, don wanda ya tafi bara da tsohuwar ƙa'ida ya tafi. Shafin gwamnati ne mai magana. Amfaninsu na gaske musayar harshe ne da sanin halin mutane. Mai Faransanci da mai Ingilishi su haɗu, rabin sa'a kowanne kullum, ɗaya na yi wa ɗaya tambayoyin jarabawa da agogo a hannu. A can ne ma za ka ji cewa a Kanada ba a sa hoto, shekaru ko maganar aure a takardar neman aiki, alhali a Jamus har yanzu da yawa suna sa hoto. Cewa Bajamushe yana sa ran ka kira shi da Sie, wato "ku" ta girmamawa, da sunan iyalinsa har sai shi ya sauƙaƙa. Cewa a Jamus yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi. Kuma dole ka yi rajistar adireshinka cikin kwana 14 da tarewa. Fasfo da takardun banki kuwa ba a tura su zaure. Idan sai da mai ba da shawara, duba lambarsa a rajistar hukumar da ke kula da masu wannan aiki, CICC a Kanada, OMARA a Ostireliya, kafin ka biya shi.