Yadda Ake Zaɓar Kaya da Wutar Na'urar Ban Ruwa ta Lambu

Yawancin masu son haɗa na'urar da za ta riƙa shayar da lambu da kanta sukan fara da sayen allon sarrafawa, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba na'urar umarni, irin Arduino ko ESP32, sai daga baya su tuna da bawul da batir. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara daga ruwan kansa: a san ƙarfin turinsa, a zaɓi bawul ɗin da zai buɗe da wannan ƙarfi, sannan a tsara wutar da za ta ɗauki bawul ɗin, allon kuwa ya zo a ƙarshe.

Ƙarfin turin ruwa shi ne abin da ya fi ba mutane matsala. A gidaje da yawa ruwan rijiyar burtsatse ake turawa tanki, daga nan ya gangaro da nauyinsa, kuma kowace mita 10 ta tsayi tana ba da turi na kusan bar 1 (bar shi ne ma'aunin turin ruwa). Ke nan tankin da ke kan ƙarfe mai tsayin mita 3 turinsa bai wuce bar 0.3 da ɗan kaɗan ba, yana kuma raguwa yayin da ruwan ke ƙarewa. Bawul ɗin ban ruwa na kamfanoni irin su Rain Bird da Hunter an ƙera su ne don famfo mai ƙarfi, domin maganaɗisun da ke cikinsu ƙaramin rami kawai yake buɗewa, turin ruwan ne ke ɗaga robar ciki, kuma galibinsu suna bukatar kusan bar 1 kafin su yi aiki daidai. Idan aka ɗaura irinsu a kan tanki mai gajeren tsayi, za a ji ƙarar buɗewa amma ruwa ya riƙa ɗiga kawai, ko kuma bawul ɗin ya ƙi rufewa ruf.

Saboda haka mai amfani da tanki ya nemi bawul mai ƙwallo wanda ƙaramin injin lantarki ke juyawa, mai aiki da bolt 12, domin shi bai damu da turin ruwa ba, kuma ba ya cin wuta sosai sai a daƙiƙun da yake juyawa. Sai dai a kula da nau'in da za a saya. Akwai wanda idan wuta ta yanke yana buɗe, haka zai zauna a buɗe har tanki ya tsiyaye, akwai kuma mai waya biyu wanda ke rufe kansa da zarar wuta ta ɗauke. Na biyun shi ne ya dace da lambun da ba kullum ake kusa da shi ba. Ko wanne aka zaɓa, a sa matacin ruwa kafin bawul, domin yashin burtsatse yana toshe bawul da ramukan tiyon ɗigo.

Da an tsayar da bawul, maganar wuta ta yi sauƙi. Bawul na bolt 24 AC yana bukatar taransifoma da wutar NEPA, kuma shuka ba ta jiran a kawo wuta. Tsarin bolt 12 DC, mai faifan sola da batir da na'urar daidaita caji a tsakaninsu, shi ya fi kwanciyar hankali. Ga misalin lissafi: idan allon da abubuwan da ke jikinsa suna cin rabin wat dare da rana, to sun ci wat-awa 12 a yini, idan bawul mai maganaɗisu yana jan rabin amfiya, wato wat 6, kuma yana buɗe awa ɗaya, an ƙara wat-awa 6, jimilla 18. Batir na bolt 12 mai amfiya-awa 7, irin na cikin UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, yana ɗauke da wat-awa 84, amma batirin dalma ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, don haka 42 ne abin dogaro, wanda zai kai kwana biyu ba rana. Faifan sola na wat 20 ya wadatar da wannan har da rara, kuma rarar tana da amfani a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke rage hasken rana, ƙura kuma ta lulluɓe gilashin. A sa fiyus a wayar batir ta jan kai, wato mai alamar +, kusa da batirin.

Allon ba ya shan bolt 12 kai tsaye: ESP32 da bolt 3.3 yake aiki, kuma allunan gwajinsa suna karɓar bolt 5. Kada a yi amfani da ƙaramin mai rage wuta mai lamba 7805 wajen saukar da wutar, domin abin da ya rage zafi yake mayar da shi. Daga bolt 12 zuwa 5 a kan amfiya 0.3, ya ƙona fiye da wat 2 a banza. A sayi ƙaramin mai saukar da wuta irin LM2596, a juya sukurunsa ana aunawa da mita har ya tsaya a bolt 5 kafin a jona allon, saboda sau da yawa yakan zo a saite a sama. Ya kamata ya iya ba da aƙalla rabin amfiya, domin ESP32 yana fizgar wuta lokacin da Wi-Fi ke aika saƙo, kuma idan ta gaza sai allon ya mutu ya sake tashi. Wanda ba ya bukatar duba lambu ta waya, Arduino Nano ya ishe shi.

Ƙafar allo, wato inda ake jona masa waya, ba za ta iya ɗaukar bawul ba, dole a sa makunnin da allon zai riƙa kunnawa da kashewa, wato rile ko MOSFET irin IRLZ44N, a tsakani. Idan bawul ɗin mai maganaɗisu ne na DC, a jona dayod 1N4007, wanda ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, a kan wayoyinsa biyu, gefen mai zobe yana kallon jan kai, domin naɗin wayar yana mayar da wuta mai ƙarfi a lokacin da aka kashe shi, kuma ita ce ke ƙona kaya. Don lokaci, a ƙara agogon DS3231 mai ƙaramin batirinsa CR2032, ta yadda ko batir babba ya mutu, shayarwar asuba ba za ta koma tsakar rana ba. Ma'aunin damshin ƙasa kuwa, a guji mai yatsun ƙarfe biyu a fili, wanda tsatsa ke cinyewa da wuri, a ɗauki mai rufaffen jiki, a jona shi a ƙafafun ESP32 daga 32 zuwa 39, domin sauran ƙafafun aunawa ba sa aiki idan Wi-Fi yana kunne.

Duk kayan su shiga akwatin roba mai lambar IP65, wato mai hana ƙura da feshin ruwa shiga, a shigar da wayoyi ta ƙasa don kada ruwan sama ya bi su ciki, a toshe ramukan saboda tururuwa da ƙadangaru. A kafa akwatin a inuwa, ƙarƙashin faifan sola ma ya yi, domin a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Yamai yakan haura digiri 40, kuma zafi yana gajarta ran batirin dalma. Kafin a bar na'urar ita kaɗai, a buɗe bawul da ita, a zare fiyus ana cikin shayarwa, a tabbatar ruwan ya tsaya.