Yadda Ake Kwashe Ruwan Ramin Kwal da Kula da Tafkin Kwantar da Laka

A ma'adinar kwal ta buɗaɗɗen rami, injin famfo da ke zuƙe ruwa daga ƙasan rami da tafkin da ke karɓar ruwan aiki ɗaya suke yi, kuma yawancin matsaloli suna tasowa ne idan aka raba su, mai kula da famfo yana ta turo ruwa alhali tafkin bai samu sararin kwantar da wanda ya riga ya shiga ba.

Aikin farko shi ne rage ruwan tun kafin ya faɗa rami. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta 1 yana ba da mita kubik 10, saboda haka ruwan milimita 50 a kan hekta 100 ya kai mita kubik 50,000. A haƙa magudanai a saman ramin domin su karkatar da ruwa mai tsabta, kada ya taɓa kwal ko tulin ƙasar da aka tono, domin duk ruwan da ya gurɓata sai an biya kuɗin ɗaga shi da na gyara shi. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake da yawa, ana haƙa rijiyoyin burtsatse a kewayen ramin a riƙa zuƙe shi, wanda hakan yana rage matsin ruwa a cikin bangon rami, ya kuma rage haɗarin zaftarewa.

A cikin ramin, a tona gurbin tara ruwa a wuri mafi gangare, nesa da gindin bango. Bakin bututun tsotsa ya kasance a rataye a jikin abin da ke iyo, domin idan ya kwanta a ƙasa taɓo zai riƙa sha, taɓon kuma ya cinye cikin famfo. A tuna cewa famfo ba ya iya tsotso ruwa daga zurfin da ya wuce kimanin mita 7, don haka kusa da ruwa ake ajiye shi, kuma kowace mita 10 ta hawa tana ƙara matsi kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne). Dole a samu famfo na biyu a ajiye, wanda aka gwada aka tabbatar yana tashi.

Tafki kuwa lokaci yake buƙata fiye da komai. Ƙa'idar da masanin kimiyya George Stokes ya fitar a 1851 ta nuna cewa idan kaurin ƙwayar ƙasa ya ragu sau goma, saurin nutsewarta yana raguwa sau ɗari. Rairayi mai kaurin milimita 0.1 yana nutsewa mita ɗaya cikin 'yan mintuna, lallausar laka mai 0.01 tana ɗaukar kimanin sa'o'i 3, yumɓu mai 0.001 kuwa yana iya kusantar mako 2. Wannan ne ya sa ake so tsawon tafki ya ninka faɗinsa aƙalla sau 2, mashiga a wannan ƙarshe, mafita a wancan, da shingaye a tsakani da za su tilasta wa ruwan ya zagaya. A zuba manyan duwatsu a mashigar domin su karya ƙarfin ruwan, in ba haka ba zai tayar da lakar da ta riga ta kwanta. A riƙa sakin ruwa daga sama, inda ya fi garau. Idan yumɓu ya ƙi kwanciya, a sa alif ko wani sinadarin dunƙule laka, amma sai an gwada adadin a cikin kwalba tukuna, domin wuce ƙima yana lalata aikin.

A ganina abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne tsamin ruwa. Dutsen firit da ake samu tare da kwal yana ɗauke da ƙarfe da farar wuta, kuma idan ya haɗu da iska da ruwa yakan haifar da asid. Alamarsa ita ce jan tsatsa da ke manne wa duwatsun magudana, ko da ruwan kansa ya yi garau. A riƙa auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a mashiga da mafita, a kuma zuba farar ƙasa kafin ruwan ya shiga tafki, domin ƙarfen ya samu wurin kwanciya. A Amurka, doka ta tanadi pH tsakanin 6 da 9 ga ruwan da ake saki, amma kowace ma'adina ta bi abin da lasisinta ya gindaya.

A kafa sanda mai alamomi a cikin tafkin domin a san tudun laka, a yashe shi tun kafin lakar ta cika gurbin da aka ware mata, kuma a yi yasar kafin lokacin ruwa. Lakar da aka kwaso a kai ta inda ba za ta sake gangarowa ba.

Madatsar tafki tana buƙatar a taka da ƙafa a duba ta bayan kowane ruwa mai ƙarfi: tsagewa, ramukan dabbobi, saiwar bishiya, da tarkacen da ya toshe mafitar ambaliya. A ranar 26 ga Fabrairu, 1972, madatsar ruwan wankin kwal ta ɓalle a Buffalo Creek da ke jihar West Virginia ta Amurka, mutane 125 suka rasu. Idan aka ga ruwa mai laka yana tsattsafowa daga gindin madatsa, alama ce cewa yana rarake ta daga ciki. A tsayar da famfo nan take, a rage ruwan tafkin sannu a hankali, a janye ma'aikata daga gangare, a kira injiniya.